Me ake nufi da dunƙulewar furotin a ƙwaƙwalwa?

A unguwanninmu na Jos, daga Gangare har Anguwan Rogo, idan dattijo ya fara ɓacewa tsakanin masallaci da gida, ko tsohuwa ta gama cin tuwo ta rantse ba a ba ta komai ba, sai a ce gigin tsufa ne. Wasu ma su ce sammu aka yi. Sau da yawa abin da ke faruwa a cikin kan shi ne furotin ya dunƙule.

Ba naman miya ko wake ake nufi ba, kada a hana Baba cin ƙwai a banza. Jiki da kansa yake ƙera furotin iri-iri, kowanne da yadda zai nannaɗu kafin ya yi aiki. In naɗin ya karkace, sai ya liƙe wa 'yan'uwansa su yi gudaji, irin na kunun da ba a dama da kyau ba. Ƙwaƙwalwa tana da hanyar share wannan datti, amma shekaru na rage mata ƙarfi.

A cutar mantuwa da ake kira Alzheimer, furotin iri biyu ne ke ɓarna. Wanda ake kira amiloyid yana taruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira tau kuma yana cukurkuɗewa a cikinsu har su mutu. Sukan fara da sashen da ke adana sabon abu, shi ya sa Hajiya za ta ba ka labarin aurenta tiryan-tiryan, amma ta manta wanda ya gaishe ta da safe. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana waɗannan gudaji a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu. A cutar Parkinson wani furotin ne daban, shi ke kawo karkarwar hannu da jan ƙafa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne taruwar kan soma kusan shekara 20 kafin mantuwa ta bayyana.

A 2023 Amurka ta amince da maganin lecanemab mai kwashe amiloyid, sai dai ba ya warkarwa, jinkirta cutar kawai yake yi kaɗan, ga tsada. Shi ya sa likitoci suka fi matsa wa mutane kan hawan jini, ciwon suga, taba da rashin motsa jiki, tun suna 'yan shekara arba'in.