Yini Guda A Ƙasa A Santambul Lokacin Furanni: Ga Amsoshin, A Daina Maimaita Mini

Duk shekara da zarar Maris ya kama, saƙonnin nan sai su fara zubowa, kuma tambayoyin bara ne, ko waƙafi ba a canja ba. Mutum yana da kwana uku a Santambul ta ƙasar Turkiyya, yana son ya ware yini ɗaya ya taka gari a ƙasa, ya ba ido abinci ba tare da ya jigata ba. To na tara su wuri guda. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, wannan zan tura masa.

Wane takalmi zan saka?

Tsohon. Wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Da wannan na fara domin shi ne ke ɓata wa mutane yini, ba biza ba, ba kuɗi ba. Tsohon birnin a kan tuddai bakwai yake zaune, kuma lungunansa da yawa da duwatsu aka daɓe su. Na taɓa yin gangancin saka sabon takalmi, la'asar ba ta yi ba ina zaune a bakin matakala da bororo a diddige, ina kallon mutane suna wuce ni. Hajiya, mai tsinin nan a bar shi a otal, zai yi amfani da daddare.

An ce lokacin bazara ne. Ke nan zafi ake yi?

A'a. Kalmar ce take ruɗa ku. Abin da ake nufi shi ne watannin da hunturu ke janyewa, Maris zuwa Mayu, itatuwa su yi toho, furanni su buɗe. A Afrilu, da safe sanyi kan kai wajen digiri 8, da rana ya hau zuwa 16 ko 17, kuma ruwa na iya saukowa ba sallama. Ka saka riga a kan riga yadda za ka iya cire ɗaya, ka riƙe ƙaramar laima. Iskar bakin ruwa ta fi ta cikin gari cizo.

Ba gara in ɗauki tasi ba?

To me ya kai ka tambayar yawo a ƙasa? Tasi a tsohon birni cunkoso kawai za ka saya. Ka sayi katin Istanbulkart, shi ake shiga tiram (ɗan jirgin ƙasa na cikin gari) da bas da jirgin fito da shi. Layin tiram na T1 yana bi ta Beyazit, Sultanahmet, Gulhane, Eminonu, ya haye gada zuwa Karakoy. Duk inda ƙafa ta ce ta gaji, yana kusa.

Zan iya ganin Aya Sofiya, Masallacin Sultan Ahmad, Fadar Topkapi da Babbar Kasuwa, sannan in haye ruwa zuwa ɓangaren Asiya, duk a yini ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da eh ko a'a, don haka ku gyara zama.

A taswira, eh. Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad suna kallon juna, fili ne kawai a tsakaninsu, ƙofar Topkapi tana bayan Aya Sofiya, kasuwar kuma tafiyar kamar minti ashirin ce. Shi ya sa kowa ke ganin abu ne mai sauƙi. Amma taswira ba ta nuna layi, ba ta nuna tudu, ba ta kuma san ko yau wace rana ce ba.

Ka fara duba ranar. Topkapi ba ta buɗewa ran Talata. Babbar Kasuwa ba ta ci ran Lahadi, kuma tana rufewa a ranakun Idi, wanda a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin waɗannan watanni. Ran Juma'a manyan masallatai ba sa karɓar masu zuwa kallo sai bayan an sauko, a sauran ranaku ma ana dakatar da su a kowane lokacin salla. Idan salla ce ta kawo ka, wannan bai shafe ka ba, sai dai ka sani shiga sahu daban, zagayen kallon gini daban. A Aya Sofiya ma tun farkon 2024 aka raba ƙofa: baƙi masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su hau bene, masallata suna shiga ƙasa. Irin waɗannan dokoki da lokutan buɗewa suna canjawa, don haka ka duba da daren jajibere, kada ka dogara da abin da wani ya gani bara.

Sai lissafin lokaci. Topkapi kaɗai, idan da gaske za ka gan ta, tana cin awa uku, wataƙila fiye. Farfajiya huɗu ce a jere, ga ɓangaren iyalin sarki mai zagayensa daban, ga kuma ɗakin amanoni masu tsarki inda ake ajiye da mayafi da takubba da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda aka fara tarawa bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. A ɗakin nan ana karatun Alƙur'ani ba yankewa, kuma layinsa ba ya sauri, don babu mai son a ture shi gaba. Aya Sofiya kuwa gini ne da aka kammala a 537 zamanin sarkin Rumawa Jastiniyan, ya zama masallaci a 1453 da Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin, ya koma gidan tarihi a 1935, aka mayar da shi masallaci a 2020. Gini mai irin wannan labari ba a shiga a ɗaga waya a fito. Layin ƙofarsa kuma, in rana ta ɗaga, yana iya cinye maka awa guda kana tsaye.

To idan ka tashi da asuba, ranar kuma Litinin ce ko Laraba ko Alhamis, ba ka tare da yara ko dattijo, ruwa bai sauko ba, mai yiwuwa ka kammala duka. Na ga waɗanda suka yi. Na kuma ga fuskarsu da magariba. Amma kai fa cewa ka yi yinin hutu kake so, kuma wannan ba shi ba ne.

Ni dai da ni ne, abu babba ɗaya zan ɗauka da safe, ko Aya Sofiya da masallacin da ke gabanta, ko Topkapi ita kaɗai, ba duka ba. In isa kafin a buɗe ƙofa. Daga nan in gangara ta lambun Gulhane, wanda asalinsa lambun fadar ne, shiga kyauta, in zauna kan benci in kalli furanni. In ci gaba da gangara zuwa Eminonu, in ci abin rana a bakin ruwa. Bayan azahar sai abu na biyu, ƙarami, gwargwadon abin da ƙafa ta ce. Kasuwa a bar ta wa gobe. Tana da shaguna wajen dubu huɗu, duk wanda ya ce zai leƙa na minti talatin kansa yake yaudara. Sai dai in kwananka ɗaya tak a garin kuma ba ka sa ran dawowa, to a nan ba zan hana ka haɗama ba, amma ka yar da tsallaka ruwa ko ka yar da kasuwa, ɗaya dole ya tafi.

Ba asara ba ce in biya kuɗin jirgi in zo in zauna shan shayi?

Ba asara ba ce. Kwantar da hankalinka. Ba jarrabawa ka zo ba, babu mai tsayar da kai a filin jirgi ya ƙirga wurare nawa ka shiga. Shayin nan da ake kawowa a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ja jawur, da simit, burodin nan mai kama da zobe da aka barbaɗe da riɗi, ka zauna da su rabin awa. Mage za ta zo ta kwanta a kujerar da ke gefenka kamar ita ta biya. Abin da za ka tuna bayan shekara biyar ke nan, ba tikitin da ke aljihunka ba.

Ina furannin da ake ta magana?

Afrilu. Furannin tulip ne, Turkawa suna ce musu lale, kuma a watan ne ake bikinsu, ana shuka su a lambuna da shataletale. Ƙaunar tsohuwa ce, har akwai zamani a tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, 1718 zuwa 1730, da ake kira da sunan furen. Mafi yawa suna lambun Emirgan, amma yana can arewa a gaɓar Bosforus, ruwan da ya raba ɓangaren Turai da na Asiya, sai da bas, kuma Asabar da Lahadi ba masaka tsinke. Na Gulhane sun ishe ka. Wanda ya zo ƙarshen Mayu yana neman su, ya makara, kada ya zo yana yi mini ƙorafi.

Wani mai goge takalmi ya yar da buroshinsa a gabana. In ɗauka masa?

Kada ka ɗauka. Ba faɗuwa ya yi ba. Kana miƙa masa zai ce sai ya goge maka don godiya, yana gamawa ya yanka maka kuɗi. Ka wuce abinka. Haka wanda ya tare ka da fara'a yana cewa masallaci a rufe yake, ka zo ka ga shagon darduma na ɗan'uwansa. Je ka ƙofa ka gani da idonka.

Mene ne abu na biyun da ka ce, na bayan azahar?

Masallacin Sulaimaniyya, in ƙafa tana da saura. Daga Eminonu hawa ne sosai, ka yi shi a hankali. Magini Sinan ya kammala shi a 1557, kabarin Sultan Sulaiman yana harabarsa, kuma cunkosonsa bai kai na Sultanahmet ba. Ka zagaya bayansa, daga dakalin nan ana hango ruwan Halij, wanda gadar Galata ta ratsa, da jiragen fito da hasumiyar Galata da mutanen Jenowa ta Italiya suka gina a 1348. In kuwa tudun ya fi ƙarfinka, ka taka gadar Galata, ba hawa ba sauka, masunta sun jeru da ƙugiyoyinsu da bokitai tun daga wannan baki har wancan.

Mata sai da ɗankwali?

A masallaci, eh, kuma kowa ya cire takalmi. Ki taho da mayafinki da 'yar leda ta saka takalmi. Namiji kuma ban da gajeren wando.

Wayata za ta kai yamma?

Ba za ta kai ba. Taswira da hoto suna shan caji. Taho da abin ƙara caji, ka rubuta sunan otal ɗinka a takarda.

A ina zan yi magariba?

A Uskudar, in ka bi shawarata ka rage kaya da safe. Jirgin fito daga Eminonu minti goma sha biyar ne zuwa ashirin, da katin nan naka, ka bar Turai ka sauka Asiya. A Afrilu rana ba ta faɗuwa sai bakwai da rabi zuwa takwas saura, don haka ba gaggawa. Ka zauna a waje, ka mayar da rigar sanyin da ka cire da rana, ka ga yadda tsuntsayen teku ke bin jirgin suna cafe gutsuren simit a iska. Da ka sauka ka bi gaɓa ta hannun dama har ka daidaita da 'yar hasumiyar da ke tsakiyar ruwa, daga nan ƙubbobi da hasumiyoyin da ka yini a gindinsu suna gabanka a tsallake, rana tana faɗawa bayansu. Masallacin Mihrimah yana daura da tashar jirgin, shi ma aikin Sinan ne. Ka duba lokacin jirgin komawa tun kana sauka, kada ka kira ni ƙarfe goma sha ɗaya na dare kana tambaya.