Shuka ciyawar ado daga iri a Bauchi da Gombe

Ciyawar ado ita ce wadda ake shukawa a harabar gida, makaranta ko filin ƙwallo, ana aske ta a kai a kai. A Bauchi da Gombe an fi shuka kirikiri, domin tana jure rana da tattaki, sai dai ba ta yi a inuwa. Akan danganta yaɗuwar al'adar da unguwannin Turawa na zamanin mulkin mallaka.

Lokaci

Ana shuka idan damina ta kankama, wajen watan Yuni. Mamakon ruwan Agusta kan kwashe iri, sanyin hunturu kuma yana hana shi tsirowa da wuri.

Gyaran ƙasa

Nan ne yawancin aikin yake. Ana kaftu da fartanya zurfin santimita 10 zuwa 15, a tsince duwatsu, ɓaraguzan siminti da saiwoyi. Jigawa na buƙatar ruɓaɓɓen taki don ta riƙe laima, ƙasar laka kuma takin ne ke sassauta ta. Ɗanyen kashin shanu ba ya dacewa: yana ƙona tsiro, yana shigo da irin ciyayi, yana kuma janyo gara. Daga nan a baje da manjagara, a karkata filin kaɗan yadda ruwa zai gangara nesa da gini, a daddanne. Idan ba a danne ba, ƙasar kan lotsa bayan ruwan farko, kwari ya tara ruwa, tudu kuma injin aski ya ƙwaƙule shi.

Ciyayi

Kafin a zuba iri, ana ba filin ruwa na mako biyu ko uku don ciyayin da ke kwance su fito, a kankare su sama-sama. Zurfafa noma a wannan mataki na tono sabon irin ciyayi ne kawai. Harƙiya, tuji da ƙarangiya na mutuwa da wannan kankarewar. Tofa da aya-aya ba sa jin wannan, domin guntun saiwa ko ƙwaya ɗaya da ta rage a ƙasa za ta sake tofowa. Sai an tono su, ko a fesa maganin kashe ciyawa na glyphosate a kan ɗanyen ganye a jira aƙalla mako guda. Ra'ayin masu lambu ya rabu kan dacewar feshin. Bayan ciyawar ado ta tsiro kuwa, da hannu ake cire ciyayi, ba a fesa 2,4-D, maganin ciyayi masu faɗin ganye, sai an yi aski uku.

Shuka da kulawa

Giram 5 zuwa 10 na iri ya isa kowace murabba'in mita. Irin ƙanana ne ƙwarai, don haka ake cakuɗa shi da busasshen yashi, a watsa rabi a tsaye, rabi a gicciye. Kada ƙasar da za a rufe irin da ita ta wuce rabin santimita. Ana yayyafa ruwa sau biyu ko uku a rana idan ba a yi ruwan sama ba, tsiro kan bayyana cikin kwana 7 zuwa 14 idan irin ɓararre ne, wato an cire masa ɓawo. Daga baya a rage yawan ban ruwan, a ƙara masa zurfi, don saiwa ta nutsa.

Askin farko sai tsayi ya kai santimita 5, kuma ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku. Awaki da kaji kan lalata sabon fili, shi ya sa ake kewaye shi.