Ba kowace kyanwa ce ke son zama ita kaɗai ba

An daɗe ana cewa kyanwa ba ta son 'yar'uwarta a gida. Rabin gaskiya ce. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ke farauta ita kaɗai, don ɓera ɗaya bai isa a raba ba. Shi ya sa har yau ba ta son a haɗa ta kwano da wata.

Amma ka leƙa bakin mahauta ko kasuwar kifi. Inda abinci ya wadata, kyanwoyi rukuni suke yi, yawanci mata 'yan dangi ɗaya. Suna lasar juna, suna kwana jiki da jiki, har wata ta shayar da 'ya'yan wata. Muzuru ne mai yawo.

Abin ya danganta da yadda suka taso. 'Yan ciki ɗaya da aka raina tare sukan shaƙu, su gajiyar da juna da wasa, labulenka ya huta. Tsohuwar kyanwa kuwa da ta saba da gida ita kaɗai, kawo mata baƙuwa ba gata ba ne. Sai ka ga ɓuya, ƙin ci, ko fitsari a inda bai dace ba.

Idan ya zama dole, a raba musu ɗaki na wasu kwanaki su saba da warin juna, kowacce da kwanonta da wurin kashinta. Mace takan ɗauki ciki tun tana wata 4, don haka in namiji da mace ne, a kai su likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa.