Mene ne “matsakaicin maki” a gasar tseren babur ta Birtaniya? Kakar 2010 ta isa misali

A ƙwallon ƙafa, kulob ɗin da ya ci kofi bana yakan ƙara sayen gwanaye don baɗi, in dai aljihunsa da nauyi. A gasar lig ta tseren baburan da ake kira speedway a Birtaniya, sau da yawa akasin haka ake gani: ƙungiya ta ɗauki kambu a watan Oktoba, kafin Maris ya zo ta sallami ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka ciyo mata shi. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma kuɗin albashi ne ya ƙare ba. Wata lamba ce da ke manne da sunan kowane mahayi ta tilasta hakan. Masu wasan suna ce mata “average”, a takardun hukuma kuma ana rubuta CMA. Matsakaicin maki ke nan, kuma wanda bai fahimce shi ba zai kalli kaka guda cur bai gane dalilin rabin abubuwan da suka faru ba.

Sai an san yadda tseren yake kafin lambar ta yi ma'ana. Mahaya huɗu ne ke tashi lokaci ɗaya a fili mai siffar ƙwai wanda aka shimfiɗe da ƙasa da niƙaƙƙen dutse, su yi zagaye huɗu suna karkata hagu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Babur ɗin injinsa 500cc ne, da methanol yake aiki, giyarsa ɗaya tak, kuma ba shi da birki. In mahayi ya zo kwana sai ya jefa tayar baya gefe, babur ɗin ya riƙa zamewa yana watsa ƙasa, shi kuma yana dogara ƙafarsa ta hagu da aka sa wa takalmin ƙarfe. Wanda ya zo na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. A karawar lig kowace ƙungiya tana zuwa da mahaya bakwai, a yi tsere 15, kowane tsere mutum biyu daga nan biyu daga can. Masu gida hularsu ja da shuɗi, baƙi fari da rawaya. Tunda maki 6 ake rabawa a kowane tsere, jimillar karawa takan zama 90, shi ya sa ake jin sakamako irin 48 da 42, ko kunnen doki 45 da 45.

Lissafin matsakaicin ba shi da wuya. A tara makin da mahayi ya ci, a raba da yawan tseren da ya shiga, a ninka sau huɗu, domin huɗu ne adadin tseren da aka saba ba kowa a karawa ɗaya. Wanda ya shiga tsere 100 ya tara maki 200, matsakaicinsa 8.00. Wanda bai taɓa barin kowa ya riga shi ba zai samu 12.00, kuma nan ne iyakar abin. Mai 9 ko 10 gwani ne na gaban goshi, mai 6 ɗan tsakiya ne, mai 3 ko 4 ko dai yaro ne mai tasowa ko kuwa wanda ƙarfinsa bai kai ba. Akwai kuma makin garaɓasa da ake ba mahayin da ya biyo bayan abokin ƙungiyarsa kai tsaye alhali ya bar abokin hamayya a baya. Wannan ba ya shiga sakamakon karawa, amma ana biyan kuɗinsa. An yi shi ne don kada 'yan ƙungiya ɗaya su tsaya kokawa da juna su bar ƙofa a buɗe.

Da a nan lambar ta tsaya, da ba ta wuce abin hira tsakanin 'yan kallo ba. Abin da ya ba ta haƙora shi ne iyakar maki. Duk ƙarshen shekara masu kulob-kulob, ƙarƙashin ƙungiyarsu, wadda a 2010 ake kira BSPA, suna zama su yanke adadin da jimillar matsakaicin mahaya bakwai na kowace ƙungiya ba za ta haura ba a kaka mai zuwa. Adadin yana canzawa daga shekara zuwa shekara, amma a wancan zamani yana kewayen 40 ne. A ce 40 ɗin ne daidai. Mai kulob zai iya haɗa mai 9.00, mai 8.00, mai 6.50, mai 5.50, mai 4.50, mai 3.50 da mai 3.00, ya cike ma'auni cif. In yana kwaɗayin mai 10.50, to sai ya rage a ƙasa. Abin ya yi kama da yadda yara ke raba kansu a filin unguwa, a hana gwanaye biyu tarewa gefe ɗaya don kada wasan ya mutu tun ba a je ko'ina ba, sai dai a nan da alƙalami ake rabon, har da ɗigo da lambobin da ke bayansa.

To ga inda wuyar take. Ƙungiyar da aka haɗa a kan 40 ba ta cin kofi sai mahayanta sun yi abin da ya fi lambobinsu. Mai 4.50 ya koma mai 6.50, mai 6.50 ya koma mai 8. Kaka na ƙarewa sai a tarar mutum bakwai ɗin nan jimillarsu ta kai 46 ko 47, iyaka kuma tana nan inda take. Dole a sauke wani. Poole Pirates ta ɗauki kambun Elite League a 2008, a 2009 ta ƙare kusa da ƙasan teburi, a 2010 kuma ta dawo ta zauna a samansa. Wanda bai san ma'aunin ba zai ɗauka aljanu ne. Ƙungiyar da ta sha kashi lambobin mahayanta sun faɗi, saboda haka tana da sarari babba na sake gini.

A kakar 2010 ƙungiyoyi tara ne a Elite League, wadda ita ce babbar gasar ƙasar daga 1997 zuwa 2016: Belle Vue, Coventry, Eastbourne, Ipswich, Lakeside, Peterborough, Poole, Swindon da Wolverhampton. Poole ta yi gini na gwaninta. Tana da Chris Holder ɗan Ostareliya, wanda bayan shekara biyu ya zama zakaran duniya, da Bjarne Pedersen ɗan Denmak, da Davey Watt, sannan ga Darcy Ward, yaro ɗan shekara 18 da ta ɗauko daga King's Lynn ta gasar da ke ƙasa da wannan. Mahayin da ya hauro daga ƙaramar gasa ba a ɗaukar lambarsa yadda take, ana rage ta ne bisa wani ƙiyasi, tunda abokan karawar da zai tarar a sama sun fi ƙarfi. Ward kuwa a lokacin shi ke riƙe da kambun duniya na 'yan ƙasa da shekara 21, ya kuma sake cinsa a wannan shekarar. Lambarsa a takarda ba ta kama ƙafar abin da yake iya yi a fili ba. Irin wannan mahayi shi kowane mai kulob ke nema ido rufe, domin gasar gaba ɗaya a nan take: wa zai gano mutumin da ya fi lambarsa kafin lambar ta cim masa.

Coventry Bees ta fara kakar da ƙafar hagu, har ta yi zaman ƙasan teburi a farkon watanni. Daga baya ta farfaɗo a hannun manajanta Alun Rossiter, ta kutsa ta samu gurbi na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe cikin masu shiga wasannin fitar da zakara. Tana da Chris Harris da Krzysztof Kasprzak a gaba, amma makamin da ya fi yi mata aiki yana can ƙasan jerin suna: Przemysław Pawlicki, ɗan shekara 19 daga Leszno ta ƙasar Folan. Baƙon da bai taɓa tsere a Birtaniya ba ba shi da tarihin da za a lissafa, sai a ɗora masa lambar ƙiyasi, shi kuwa 4.00 aka ba shi.

A nan ne aikin matsakaici na biyu ya shigo, kuma a ganina ya fi na farko daɗin nazari. Lambar ce ke tsara wanda zai sa riga mai lamba nawa. Biyar ɗin da suka fi yawan matsakaici su ne jigon ƙungiya, biyun da suka fi ƙaranci su ne 'yan ko-ta-kwana masu lamba 6 da 7. Ɗan ko-ta-kwana tsararren jadawalinsa ya fi sauƙi, sannan manaja yana da ikon cire duk wanda ba ya taɓuka komai a daren ya sa shi a madadinsa, har ya kai tsere bakwai a karawa guda. Ka ga ke nan in aka samu mahayin da ƙarfinsa na mai 7 ne ko 8 amma takarda ta ajiye shi a 4, ya zama kamar ƙungiya ta shigo da ƙarin gwani ta bayan gida, kuma babu dokar da aka taka. Haka Pawlicki ya zame wa Coventry. Ta fitar da Peterborough a wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗu da Poole, ta doke ta gida da waje: 51 da 39 a filinta na Brandon, 50 da 40 a Poole, jimilla 101 da 79. Ƙungiyar da ta yi wa kowa fintinkau tsawon kaka ta koma gida hannu rabbana.

Wannan nasara ba ta wuce salin-alin ba. A taron masu kulob na ƙarshen 2010 aka kawo sauye-sauyen dokokin haɗa ƙungiya, ciki har da taƙaita yawan mahayan da suka haura maki 8 da kowace ƙungiya za ta iya riƙewa, da sake duba yadda ake ƙiyasta lambobin masu shigowa. Wakilan Coventry da na Peterborough suka fice daga taron. Aka sanar cewa ba za su kasance cikin gasar 2011 ba, wato zakara ba za ta kare kambunta ba. Rikicin ya ci hunturu gaba ɗaya, lauyoyi suka shiga, sai a ƙarshe aka sasanta suka dawo. Ipswich ta sauka ƙasa, Birmingham da King's Lynn suka hau, gasar ta koma ƙungiyoyi goma. Duk wannan turnuƙu a kan lambobi ne masu ɗigo a tsakiya.

Akwai wasu wuraren da matsakaicin ke aiki. In mahayi ya ji rauni, kuma rauni ba baƙo ba ne a wasan da ba birki, ana iya aro wani daga wata ƙungiya ya tsaya masa na dare ɗaya, da sharaɗin lambar ɗan aron ba ta fi ta mai raunin ba. Saboda haka ɗan kallo zai iya ganin mutumin da ya hana su barci makon jiya yau sanye da rigarsu. Ana kuma sabunta lambobin a cikin kaka, wanda ya yi ƙoƙari ya bar kujerar ko-ta-kwana ya hau cikin biyar, wanda ya yi sanyi ya sauko.

Ni ina ganin tsarin ya zama dole a ƙasar da kulob-kulob ɗinta ke rayuwa da kuɗin ƙofa. In aka saki kasuwa, masu kuɗi biyu ko uku za su kwashe gwanaye, sauran filayen su zama wurin kallon dukan kawo wuƙa, 'yan kallo su daina zuwa, a rufe. Amma ba zan ce ba shi da illa ba, kuma illar tana da ciwo. Mahayi ya yi shekara mafi kyau a rayuwarsa, sakayyarsa ita ce lambarsa ta yi nauyin da ba ƙungiyar da za ta iya ɗauka. Yaro ya saba da gwaninsa, ya sayi rigarsa, baɗi ya gan shi a ƙungiyar abokan gaba. Sannan duk ƙarshen kaka sai an ji raɗe-raɗin cewa wasu na sassauta hannu da gangan don lambarsu ta sauka, abin da ke da wuyar tabbatarwa amma zarginsa kaɗai ya isa ya ɓata wa mai kallo rai.

Folan, inda gasar Ekstraliga ta fi kowace kuɗi da cikar 'yan kallo a duniya, ita ma tana lissafa matsakaici, sai dai a kan tsere ɗaya ake bayyana shi, ba a ninka shi sau huɗu, saboda haka mai 2 da 'yan kai a can babban gwani ne. Ta gwada iyakar maki a wasu shekaru ta ajiye, ta fi dogara ga dokar da ke tilasta wa kowace ƙungiya sa matasan gida. Ana ganin bambancin a jerin zakaru: Unia Leszno ta ci sau huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020, Motor Lublin sau uku daga 2022 zuwa 2024.

Ko a Birtaniyar ma ma'aunin bai hana mai ido cin riba ba. Poole ɗin da Coventry ta kunyata ta dawo ta ɗauki kambun 2011, ta kuma jera uku a 2013, 2014 da 2015, a ƙarƙashin iyakar da ta hau kan kowa. A 2014 aka ɗan taɓa tsarin, aka ware kujerun ko-ta-kwana biyu ga matasan Birtaniya da ake zaɓa daga jeri guda, iyakar maki ta koma kan manyan biyar kaɗai. Bayan kakar 2016 aka ajiye sunan Elite League aka koma SGB Premiership, filin Brandon na Coventry kuma aka rufe shi a daidai wannan lokaci. Amma har yanzu duk hunturu masu kulob da alƙalami suke fara haɗa ƙungiya, su tara lambobi bakwai su ga ko sun shiga ma'auni kafin su ɗaga waya su kira mahayi ko ɗaya.