Yadda Sultan Muhammad al-Fatih Ya Ci Birnin Kustantiniyya: Tambayoyi da Amsoshi

Wace daula ce wannan, kuma wane ne al-Fatih?

Daular Usmaniyya ta Turkawa ake nufi, wadda ta ɗauki sunan Usman ɗan Ertugrul, ba ta Shehu Ɗanfodiyo da mu ma muke kira da wannan suna ba. Muhammad na Biyu, wanda ake wa laƙabi da al-Fatih, shi ne sarki na bakwai a gidan. Ya hau gado karo na biyu a 1451 bayan rasuwar mahaifinsa Murad na Biyu, kuma yana ɗan shekara 21 ya ci birnin da yau ake kira Istanbul.

Me ya sa birnin ya gagari na gabansa?

Ganuwa ce. Ta ɓangaren tudu sai ka haye gwalalo mai faɗin kusan mita 20, ka tarar da ganuwar waje, bayanta kuma ga ta ciki mai tsayin kusan mita 12. Sauran ɓangarorin ruwa ne, kuma Rumawa, masu mulkin birnin a lokacin, sun datse bakin lungun tekun da Turkawa ke kira Halic da ƙatuwar sarƙa. Murad ya gwada a 1422, ya janye.

Wane shiri ya yi da mahaifinsa bai yi ba?

Ya fara da toshe hanyar abinci. A 1452, cikin 'yan watanni, ya gina sansanin Rumeli Hisari a mafi ƙuncin mashigin Bosforus, daura da wanda Bayazid na Ɗaya ya gina a tsallake, ta yadda jirgi daga Baƙin Teku ba ya wucewa sai da izini. Sannan ya ɗauki wani maƙeri, Orban, wanda ya fara kai hajarsa ga sarkin Rumawa Kustantin na 11 amma aka kasa biyansa. Orban ya zuba wa Sultan igwar tagulla mai tsawon kusan mita 8 a Edirne, babban birnin daular a lokacin, shanu kusan 60 suka jawo ta.

Ke nan igwar ce ta ci yaƙin?

Ba ita kaɗai ba, kuma an cika zuzuta ta. Zafi take ɗauka ƙwarai, sai an shafe ta da mai ta huce don kada ta tsage, shi ya sa ba ta wuce harbi bakwai a yini. Da dare kuwa mutanen gari su cike gurbin da aka fasa da ƙasa, itace da ganguna. Ƙasa mai laushi haɗiye dutsen igwa take yi, ba ta farfashewa kamar gini. Ramukan da aka haƙa ƙarƙashin ganuwa ma an gano su an rushe. Ranar 20 ga Afrilu jirage huɗu na Kiristoci suka keta rundunar ruwan Sultan suka shige, ya tuɓe shugabanta Baltaoglu.

Yaya ya yi da sarƙar?

Bai tsinka ta ba, zagaye ta ya yi. Ranar 22 ga Afrilu aka shimfiɗa gumagumai shafe da kitse a bayan unguwar Galata, aka jawo jirage kusan 70 ta kan tudu aka zuba su cikin Halic. Masu tsaron garin ba su fi dubu bakwai zuwa takwas ba, ga shi dole su raba kansu gida biyu.

Yaya ranar ƙarshe ta kasance?

Waziri Halil Fasha ya ba da shawarar a janye, Zaganos Fasha ya ce a ci gaba, Sultan ya bi ta Zaganos. Kafin asubahin 29 ga Mayu 1453, kwana na 53, ya tura dakaru kashi uku: 'yan sa-kai don su gajiyar da masu tsaro, sai sojojin Anatoliya, sai zaratan Janisari, wato dakarun Sultan na musamman. Aka yi wa Giustiniani, kwamandan masu tsaro daga Jenowa ta Italiya, da ke riƙe da wurin da ganuwa ta fi lalacewa, mummunan rauni. Da aka ɗauke shi, gwiwar mutanensa ta yi sanyi. Kustantin ya mutu a faɗan, babbar majami'ar birnin, Aya Sofiya, ta zama masallaci, Halil Fasha kuwa aka kama shi, daga baya aka kashe shi.