Manoma, a daina cinna wa gona wuta

Tun da aka gama girbi, duk ƙauyen da muka shiga daga Garwa zuwa Lagdo a arewacin Kamaru, abu ɗaya muke tararwa: gona baƙi ƙirin, toka tana tashi, ƙasa ta bushe ƙamas. In ka tambaya a ce ai sharar gona ce, ko kuma yara ne suka sa wuta garin farautar gafiya. Haba jama'a! Shekara nawa za mu yi muna maganar nan?

Kun ga muna yawo da takarda muna tambayar damin itace nawa gida yake ƙonawa a mako, buhun gawayi nawa, shanu nawa a garke, hekta nawa wuta ta ci. Wasu suna ɓoye mana, wai haraji ne. Wallahi ba haraji ba ne. Lissafi muke yi na iskar da garinmu yake turawa sama, wadda take riƙe zafin rana. A 2021 Kamaru ta yi alkawarin rage ta da kashi 35 cikin 100 zuwa 2030, kuma ofishin magajin gari ba zai san inda za a dasa itatuwa ko a kai murhu mai tsimin itace ba sai an ba shi lissafin gaskiya. Mu nan ba mu da manyan masana'antu irin na Duwala. Namu daga murhu yake fitowa, da garke, da fadamar shinkafa, da gonar da aka ƙone. Murhu dole ne, sai an tuƙa tuwo. Saniya dukiya ce. To wutar gona fa, wa ya tilasta mana?

Na san wahalarku, kwashe kara aiki ne, ashana kuwa tsinke ɗaya ta isa. Amma Malam, sinadarin da kake saya da tsada cikin buhun uriya, irinsa ne yake bin hayaƙin nan ya tafi. Kuna cewa toka taki ce. Wace toka, wadda hunturu zai kwashe tun kafin ruwan fari? Karan da ka bari kwance, gara za ta ci ta mayar da shi ƙasa, ruwa ya samu wurin shiga maimakon ya zaizaye gona. 'Yan tsiron gawo da suke fitowa da kansu, wuta ce take kashe su. Makiyayi ya zo bai samu harawa ba, shanu su faɗa gonar wani, a ƙare gaban jauro, wato mai gari. Ga yara da tsofaffi suna ta tari. Duk a kan tsinken ashana!

Don Allah bana a gyara. A bar kara a gona, ko a tara wa dabbobi. Wanda ya yi saura a zuba a ramin taki tare da kashin shanu. A share hanyar tare wuta kewayen gona da rumbu. A kwaɓi yara masu farauta. In mun zo da takarda, a faɗa mana hektar da ta ƙone yadda take, ko da gonarka ce.