Macizan ƙarƙashin ƙasa a dazuzzukan tsaunukan Gabashin Afirka

Macizan ƙarƙashin ƙasa rukuni ne na ƙananan macizai da ke yin galibin rayuwarsu cikin ƙasa mai laima, ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da kututturen itace. Sun haɗa da makafin macizai na dangin Typhlopidae, masu cin ƙwan tururuwa da gara, da Aparallactus masu farautar shanshani, da Atractaspis mai dafi. A Gabashin Afirka an fi sanin su a jerin tsaunukan da ya taso daga Taita a kudancin Kenya, ya ratsa Usambara da Uluguru har Udzungwa a Tanzaniya.

Tarihin gano su

Yawancin abin da aka sani ya fito ne daga hannun masu tara samfuri a zamanin mulkin mallaka. A 1895 masanin dabbobi Boulenger ya fara bayyana Aparallactus werneri daga Usambara a kimiyyance, bayan shekara biyu kuma wani masanin, Mocquard, ya bayyana makahon macijin da yanzu ake kira Afrotyphlops gierrai. Tashar bincike da Jamusawa suka kafa a Amani, cikin tsaunukan Usambara, a 1902 ta sa Usambara ta samu kulawar da sauran tsaunukan ba su samu ba. A wajajen 1926 masanin dabbobi Arthur Loveridge ya zagaya Uluguru da Usambara yana tara dabbobi don gidan tarihin Jami'ar Harvard, kuma a 1928 shi da abokin aikinsa Thomas Barbour suka bayyana sababbin jinsuna, ciki har da Letheobia uluguruensis da Prosymna ornatissima, wani ɗan maciji mai ratsin ja da baƙi, mai faffaɗan hanci da yake tono da shi. Amblyodipsas teitana na tsaunin Taita sai a 1971 masanin macizai Broadley ya bayyana shi, daga samfuri guda ɗaya tak.

Muhalli da yaɗuwa

Iskar da ke tasowa daga Tekun Indiya tana zubar da ruwa a gangaren gabas, shi ya sa dajin kowane tsauni yake zaman kansa, busasshen fili ya raba shi da na kusa. Macijin da fatarsa ke buƙatar laima ba ya iya ƙetare wannan fili, don haka jinsi kan taƙaita a tsauni ɗaya. Prosymna ornatissima, alal misali, a Uluguru kaɗai ake samunsa. Ba kasafai ake ganin macizan ƙarƙashin ƙasa a sarari ba sai bayan ruwan sama, ko lokacin da manomi ya tono su da fartanya. Atractaspis yana iya fito da haƙorin dafinsa ta gefen baki ba tare da ya buɗe shi ba, don haka wanda ya riƙe shi ta wuya ma bai tsira ba.

An sha sauya rabe-raben makafin macizai, musamman bayan 2009, kuma masana ba su daidaita a kan iyakar wasu jinsunan ba. Babbar barazana ga macizan waɗannan tsaunuka ita ce sare daji don noma.